Ranar da wutar Teryo ta haye teku

Shekara ashirin da biyu Teryo Gabatan ya yi yana saran rake a arewacin tsibirin Negros, kafin mai gonar ya ba da hayar filin aka shimfiɗa farantan sola tun daga bakin titi har gindin tudu. Abokan saransa suka watse. Shi kuwa aka miƙa masa tiyo da doguwar sanda mai soso a kai, aka ce ya riƙa wanke farantan. Ɗan guntun mutum ne, ga giɓi, ga dariyar da ake jiyowa daga gona uku. Matarsa Luding, mai gasa kaji a bakin kasuwa, cewa take yi manomi ta aura, ta wayi gari da mai wanke-wanke.

Aikin ya shiga ransa. Yana gogewa yana waƙa, har yakan leƙa fuskarsa a jikin gilashin ya gyara hula. Abu ɗaya ke ɓata masa rai: da rana ta take tsaka, lokacin da farantan suka fi ƙyalli, sai ya ji injinan gefen gona sun rage gunji. Ran nan ya tare Marivic, injiniyar wurin, wadda ke ce masa Nong, wato yaya.

"Ƙanwata, me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace, Nong Teryo. Cewa aka yi mu rage wutar da muke turawa."

"Masu saye ne babu?"

"Suna can tsibirin Cebu, ƙetaren teku, baki buɗe. A kasuwa tamu ta fi ta kowa araha. Layin wayar da zai kai musu ne siriri, ya cika maƙil, sai su koma sayen mai tsada."

"To a ja wani layin mana."

"Wa zai ja? Tun da aka raba harkar, masu haɗa wuta daban, masu layi daban, masu sayarwa daban. Kowa na jiran wani ya fara."

Teryo ya cire hula ya sosa ƙeya. "Wato Luding ta gasa kaji ɗari, a ce ƙofar kasuwa mutum ɗaya take ci."

Shekara uku yana wanki ana rage masa wuta. Sai ga masu awon ƙasa sun iso da jajayen tutoci, kamfanin layi zai kafa manyan turakun ƙarfe har bakin teku, daga nan waya ta haye zuwa Cebu. Ƙafar turke ɗaya ta faɗo tsakiyar 'yar gonar ayabarsa. Don murna ya fisgi biro zai sa hannu a takardar amincewa tana a juye, sai da Luding ta ƙwace, ta karanta ta tas, sannan ta ba shi.

Matsalar ita ce maƙwabcinsa Pidoy, mai kiwon zakaru, wanda ya rantse waya ba za ta bi ta kan gidansa ba, wai tana tsotse wa zakara ƙarfi.

"Kai da zakarunka ko ba waya tsoron agwagwa suke," in ji Teryo.

"Bakinka ya fi ka tsawo, mai soso."

Ranar Lahadi Teryo ya ɗora shi a bayan babur ya kai shi wani ƙauye da tsohon layi ya ratsa. A ƙarƙashin wayar suka tarar da zakaru tiƙa-tiƙa, ɗaya ma ya bi Pidoy da gudu har sai da ya haye katanga. Daga saman katangar ya tambayi mai su ko zai sayar masa da wannan ɗin. Washegari ya sa hannu.

Ranar da aka buɗe sabon layin, Teryo yana tsakiyar gona da tiyo a hannu. Sha biyu ta yi, ta gota. Ya kasa kunne. Gunjin bai ragu ba, ƙaruwa ma yake yi, har ƙasa na rawa a tafin ƙafarsa. Marivic ta fito daga ofis a guje tana ɗaga hannu.

"Duka muke turawa, Nong. Ko ɗigo ba a rage ba."

Teryo ya ɗaga tiyo sama, ruwa ya sauko a kansu kamar damina. Ya jiƙa injiniya, ya jiƙa mai gadi, ya jiƙa wani babban baƙo mai kwat da ya zo yanke zaren buɗe layin. Sannan ya zaro waya ya kira ƙanensa da ke aski a Cebu.

"Dodong, kunna fanka."

"A kunne take, yaya."

"To iskar nan da ke kaɗa ka, ni na wanke ta da safe."

Ya shiga rawa da baya da baya, bai ankara ba ya afka kwatar ruwa, ƙafafu a sama. Baƙon mai kwat ne ya miƙa masa hannu, su biyun suna ɗiga suna dariya. Da yamma Luding ta rufe rumfa da wuri, ta ɗauko kaji shida a ganyen ayaba ta kawo gona, ma'aikata suka zauna a inuwar farantan suka ci da hannu.