Kwanon Baƙuwar Indiya

Matso kusa, ja tabarma ka zauna, in ba ka labarin shekarar da ilimin jami'a ya kusa kashe mini suna a Aliero.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kebbi ba. Ni mace ce ta zaman gida. Karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba, amma tukunyata ta yi suna. In an yi baƙon kirki a unguwarmu, ko suna, ko walima, ni ake aiko wa. Bayan 'ya'yana, abin da nake da shi ke nan a duniya.

Ana tsakiyar kwasar albasa sai ga mota ta kawo mana malamai daga wata jami'a. Sun yi kwana uku a Jega, za su yi uku a wurinmu, su wuce Maiyama. Wai sun zo wayar mana da kai a kan mutanen Asiya: Indiya, Sin, Japan da sauransu. Mu dai ba mu tuna mun kai wa kowa kukan rashin sanin Japan ba, amma an gode. Sunka manna taswira da hotuna a bangon firamare. A cikinsu akwai wata malama 'yar Indiya, siririya, da ɗigon ja a goshi da zanen da zai ishi mata uku. Anka sauke ta gidan hedimasta, anka ce abincinta na wuyana.

Ranar farko na yi shinkafa da miyar naman sa. Albasa ta soyu har maƙwabta sunka riƙa shigowa neman abin da ba su ajiye ba. Matar hedimasta ta ɗauki kwano da kanta. Da la'asar ta maido shi yadda ya tafi, ko gefen shinkafar ba a taɓa ba.

Kai ma ka sani, a wurinmu baƙo ko ya ƙoshi sai ya yi ɗan rami a gefen abinci. In kwano ya dawo ba rami, magana biyu ce: ko mai girkin ƙazama ce, ko ana tsoron abin da ta zuba.

Yayar mijina, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ba ta jira an kira ta ba.

"Amarya," in ji ta, don haka take kirana duk da 'ya'yana biyar, "mi anka yi? Ko hannun ya tsuhwa?"

"Yaya, gajiyar hanya ce."

"I mana. Hanci ma yana gajiya."

Maigidana ya dawo daga taron maza cike da ilimi. Wai akwai dutsen da ƙanƙara ba ta barin kansa, akwai katangar da sai ka yi watanni kana tafiya ba ka kai ƙarshenta ba, akwai masu cin shinkafa da tsinke biyu.

Na ce, "Malam, an faɗi abin da baƙuwar ke ci?"

Ya ce, "Ba a kai nan ba tukun."

Can sai ya tuna an nuna musu hoton saniya kwance tsakiyar titi, motoci na kauce mata kamar hakimi, wai ba a cin ta. Na ce to ga inda matsalar take.

Rana ta biyu na sa anka yanka kajina biyu, masu ƙwai, waɗanda ko da Sallah ban yarda an taɓa ba. Na ninka albasa, na ƙara tafarnuwa. Kwano ya sake dawowa a rufe, da saƙon wai ta gode ƙwarai. Godiyar ta fi zagi ciwo. Kafin magariba wata maƙwabciya da za ta yi suna ta aiko cewa kada in wahalar da kaina, ƙanwarta za ta zo daga Jandutsi ta yi girkin. Ƙanwar nan na san miyarta, kana hango gindin kwano ta cikinta.

Rana ta uku ita ce ta mata. Ni da sai in yi wata ban taka zaure ba, na yafa gyale na tafi. Aji ya cika. Wani malami mai tabarau yana nuna taswira da sanda yana jero mana sarakunan da sunka yi mulki can, wane ya kashe wane ya hau. Baƙuwar na zaune gefe tana murmushi, leɓenta a bushe. Da ya gama ya ce ko akwai mai tambaya. Na miƙe.

"Malam, ni ba ni da tambaya ga sarakunan da sunka mutu, Allah ya ji ƙan na jin ƙai. Tambayar mini wagga mai rai, mi tukunyata ta yi mata?"

Ya cire tabarau ya goge. "Hajiya, wannan ba ya cikin tsarin yau."

"Ban je Makka ba, Malam, kuma yana cikin nawa tsarin."

Mata sunka fara guna-guni, dole ya juya ya yi mata Turanci. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta haɗa tafin hannuwa ta dube ni, ta yi magana mai tsawo. Malam ya ce a gidansu ba naman sa kaɗai ba, ba su cin kowane nama, ba kifi, ba ƙwai. Ya leƙa taga inda ake loda buhunan albasa a mota, ya sauke murya.

"Kuma ba su cin albasa da tafarnuwa. Wai suna tada zafin zuciya, suna hana natsuwa wurin ibada."

A Aliero fa, garin albasa! Wata tsohuwa daga Kashin Zama ta ce, "La'ilaha illallahu! To da mi suka miya, da haƙuri?" Wata ta ce ashe shi ya sa maigidanta ba ya jure magana biyu. Ni dai na dubi Yaya, mai cin albasa ɗanya kamar goro.

Ashe baiwar Allah tun daga Jega biskit da shayi take sha. Ta faɗa wa malamin nan tun ranar da za su taso, ya rubuta a takarda, ya sa takardar a jaka don kada ta ɓace. Kuma gaskiya ba ta ɓace ba, a gabanmu ya ciro ta. Ita kuma kunya ta hana ta sake magana.

Na kama hannunta na ja ta gida, mata na biye da mu, malam na kira wai saura bayanin Japan. A madafa ba tafinta. In na nuna abu sai ta kaɗa kai gefe da gefe, ban gane i take nufi ko a'a ba, sai na koma duban idonta. Shinkafa, i. Wake, i. Tumatir da barkono, i. Da na buɗe man shanu har tafi ta yi. Daddawa kuwa ta shinshina ta ja baya taki biyu. Ta dubi tukunyata mai shekara da shekaru tana cin nama, ta dube ni, na gane. Na shiga ɗaki na fito da sabuwa fil da nake ajiye wa ɗiyata.

Ina girkin nan, sau uku hannuna na zuwa kwandon albasa shi kaɗai ina maido shi. Da na ɗanɗana, wallahi irin abin da ake ba mai jinya ne. Na zuba mata ina jin kunya.

Ta wanke hannu ta zauna a tabarma, ta sa hannu kamar mu. Ta ci, ta miƙo kwano na ƙara. Ta nuna ƙwaryar nono, ta kwarara a kan sauran shinkafar, ta share har gefe. Mata sun toshe ƙofa suna ƙirga mata loma. Matar hedimasta ta ɗaga kwanon sama ta kife shi, ko ƙwara ɗaya ba ta faɗo ba.

Da yamma mai suna ta sake aikowa, wai ƙanwarta ba ta jin daɗi, ko zan taimaka. Na ce zan duba. Na kuma aika wa direban motar da saƙo na baki, ba na takarda ba, ya kai wa duk wadda za a ɗora wa girki a Maiyama.

Yaya kuwa har ta rasu tana ba da labarin wai na ciyar da baƙuwar gwamnati abincin asibiti. Ban taɓa musa mata ba, don na ɗanɗana. To kai da kake dariya, a ce an hana ka nama da kifi da ƙwai da albasa da daddawa, ga mata a ƙofa suna jira, me za ka zuba a tukunyar?