Ranar da Kaka ta tambaye ni wanne na fi so

Ban iya kwana-kwana ba, don haka in faɗa tun yanzu: kakata Iya Delu ta yaudare ni da tatsuniya.

Shekarar fari ce, zamanin da sojoji ke rabon hatsi a Tsibiri. Baba ya tafi Jiratawa ƙodago a gonakin ban ruwa, Inna kuma tana kwance, ƙafafunta sun kumbura. Da magariba Iya kan tara mu bakin murhu ko babu tukunya a kai. Ina son waɗannan lokuta. Muryarta kan sa cikina ya yi shiru.

Ran nan ta ba mu labarin kurciya mai 'ya'ya biyu da dawa ta ƙone mata. Shamuwa ta zo ta ce za ta ɗauki ɗaya zuwa ƙasar da gero ke zuba a ƙasa. Ɗaya ya maƙale wa uwarsa ya rame, ɗaya ya bi shamuwa ya yi ƙiba har da wuya. Iya ta dube ni, ni kaɗai.

"Ke Hadiza sarkin baki, da ke ce, wanne kika fi so?"

"In bi shamuwa mana, Iya. Wa ke son yunwa?"

"Kun dai ji da kunnenku," in ji ta.

Da safe ƙullin kayana na jira a zaure. Gwaggo ta zo daga Sabon Garin Maraɗi ɗaukata. Na riƙe ƙofar ɗakin Inna ina kuka, Iya ta ɓamɓare yatsuna ɗaya ɗaya tana cewa, "Ba ke kika zaɓa ba, ɗiyata?" Inna ta rasu kafin damina, ba na nan.

Shekara bakwai na yi ina ganin ni na gudu na bar uwata saboda tuwo.

A koleji, a darasin Ingilishi, mushe, wato malaminmu, ya raba allo biyu: nan yadda mutum ke faɗin abin da ya fi so, can yadda ake ba shi shawarar da ba a ƙi. Ya ce kada mu cakuɗa su. 'Yan aji suna kwafa, ni kuwa sai tambayar Iya ta faɗo mini a rai.

Da hutu na je Tsibiri na tsare ta.

"Iya, kun riga kun shirya da Gwaggo kafin labarin, ko?"

"Tun kwana uku." Ko ɗago kai ba ta yi ba daga waken da take ɓarewa.

"Da na ce zan zauna fa?"

"Da tafiya za ki yi. Ja'ira, ga ki nan da rai har kina yi mini shari'a."

Gaskiyarta, ina da rai, kuma na san ba ta da wata dabara a shekarar nan. Tafiyar na yafe mata tuni. Da ta ce mini dole ne, da na yi fushi da ita wata guda na huce. Sai ta ɗora wa yarinya 'yar shekara takwas abin da manya suka yanke, ta bar ni ina fushi da kaina. Wannan har yau ban yafe ba, kuma ta rasu ba ta san akwai abin yafewa a ciki ba.