Ranar Da Tsuntsayen Yaya Suka Ƙi Cin Tsaki

A da, a ƙauyukanmu na bayan Tafoki, mace ba ta gama tankaɗe ta juye tsakin duka a tukunya. Sai ta ɗebi hannu guda ta watsa bayan ɗaki, ta zuba ruwa a fasasshen kasko, kurciya da tsada su sauko. Na yi fatauci har Agadas da Kumasi, na ga yadda ake sayen hatsi a watsa wa tattabaru a Madina, amma ban ga inda ake yin abin shiru, ba neman a gani, kamar wurinmu ba. Yanzu galibin gidajen nan ba kowa, 'yan bindiga sun tashi mutane.

Abin da zan faɗa maku, wallahi a gabana ya faru, shekarun baya kaɗan, kuma na tsufa da yin ƙarya.

Ina da yaya, ita ta goye ni, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ko kokon safe ba ta kurɓa sai tsuntsayenta sun ci. Da abin ya tsananta maƙwabta suka fara kwashe kaya, na yi ta zarya daga Ƙanƙara ina roƙonta ta dawo gidana, har na gaji da jin muryata. Kullum amsa ɗaya, wai wa zai zuba masu? Na ce ai Ƙanƙara ma akwai tsuntsaye, ta ce waɗancan ba su san ta ba.

"Auta, kai da ka saba kwana tasha," in ji ta, "mi ka sani game da zaman gida?"

Da furfurata da komai, Auta take ce mani.

Wata safiya bayan an cire gero na sake zuwa, na ce wa kaina wannan ne zuwan ƙarshe, in ta ƙi na bar ta da Allah. Na same ta bayan ɗaki da ƙwarya, hantsi ya ɗaga. Ta watsa tsaki yadda ta saba, suka sauko da yawa har ƙasa ta rufe, to amma ko ɗaya bai sa baki ba. Ba kuka, ba tsalle, sun tsaya cik. Ni dai ban taɓa ganin tsada ta tsaya wuri ɗaya ba sai ranar.

Can sai na ga sun fara darewa, daga bakin danga, waɗannan su matsa dama waɗancan hagu, ba tashi suke ba, matsawa kawai, kamar yadda kaji ke ba mutum hanya. Hanyar tana buɗewa tana nufo mu a hankali, irin tafiyar dattijo, kuma babu kowa a cikinta. Ta zo daf da Yaya ta tsaya. Na nemi addu'a a bakina na rasa.

Yaya ta ja mayafi ta rufe kai, ta ɗan rusuna, ta yi shiru kamar mai saurare. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "To. Na ji."

Ta kife ƙwaryar a nan, ta shiga ɗaki ta ɗaure ƙullin kayanta, ta ce mu tafi. A hanya ta tsaya gidajen da suka rage tana ce masu su tashi yau. Wasu suka biyo mu, wasu suka ce tsufa ne. Ba a yi kwanaki ba 'yan bindiga suka shiga garin, kuma ba zan ba ku labarin waɗanda suka tsaya ba.

Na tambaye ta wa ta gani, na tambaya har ta fara ɓata rai. Ta ce in bar maganar. Da maganar a cikinta ta koma ga Allah a ɗakin da na ba ta.

In tsoho ya ce maku a tashi, ku tashi, tambaya ta biyo baya. Ni yanzu nake watsa tsaki bayan gidana kowace safiya, in tsaya da ciwon gwiwata ina kallo, kuma ba mai fita gidan nan sai na ga tsuntsu ya sa baki. Ƙauyenmu kuwa har yau ba wanda ya koma.