Barkono Mai Wanke Kofunan Jibi

A cocinmu akwai wani benci can baya, dab da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya da bokiti. Shi ne bencin horo. Duk wanda dattawa suka kama da laifi nan zai zauna, kuma ranar Jibin Ubangiji ba za a miƙa masa kofi ba sai ya tashi gaban jama'a ya ce ya tuba. Wasu wata uku suke yi, wasu shida. Barkono shekara ashirin da bakwai ta yi.

Ba iyayenta suka raɗa mata sunan nan ba, bakinta ya jawo mata. Mai wanki da guga ce, doguwa, hannuwa duk sabulu ya cinye. Mijinta mai gyaran keke ya mutu bai taɓa cin ta a gardama ba. Allah bai ba su haihuwa ba.

Wata Lahadi an tashi daga sujada, ta tsawata wa 'ya'yan matar magatakardan coci don suna hawa teburin Jibi da takalmi. Uwar ta juyo gaban mata ta ce, "Juya ina ta san zafin ɗa?" Barkono ta ɗauke ta da mari har ɗankwali ya faɗa kwata. Ina wurin. Marin ya yi daɗin ji, Allah ya gafarta mini.

Dattawa suka ce ta tashi ta roƙi gafara.

"Ita da ta fara fa?" in ji Barkono.

"Ita baki ta sa, ke hannu."

"To ranar da ta tashi, na tashi."

Wa zai tayar da matar magatakarda? Shi ke nan, Barkono ta koma benci.

Sun hana ta shan kofin, amma ba su hana ta wanke shi ba. Ƙananan kofuna ne wajen ɗari biyu, kowanne bai fi babban yatsa ba, babu mai son aikinsu. Ran Asabar ta wanke su ɗaya ɗaya, ta goge farin ƙyallen tebur. Lahadi da sassafe ta cika su da ruwan inabi, ta jera a tire, sannan ta je baya ta zauna tiren ya wuce ta.

Sai dai mai zaman baya ƙeyar kowa yake gani. Wanda ya sha, kansa kan ɗaga. Wanda ya miƙa tire gaba, kansa na sunkuye. Bayan sujada kuma cikakkun kofuna hannunta suke dawowa. Fasto na ƙirga waɗanda suka zo, ita tana ƙirga waɗanda suka zo da gangar jiki kawai.

Shekarar da 'yata ta mutu wurin haihuwa na yi fushi da Allah. Ina zuwa coci don kada a yi da ni, tire ya zo in miƙa gaba. Wata uku ba fasto ba dattijo da ya lura. Wata Litinin sai ga Barkono a ɗakina ko sallama babu.

"Ke Guntuwa, kofinki uku na zubar a gindin bishiya. Ni ina so an hana ni, ke an ba ki kina yanga?"

"Yaya, ƙyale ni. Ni da Shi ba ma shiri."

"To ki je teburinsa ki faɗa masa mana! Ana gaba da mai gida daga bayan ɗaki? Dubi kanki kamar sheƙar ungulu. Kawo mataji."

Ta taje mini kai tana zagina, ta kwashe tsummokarana ta wanke tana zagina. Da ta ci karo da zanen 'yata a cikin kayan, sai bakin ya mutu. Muka zauna a ƙasa muka yi kukan da na riƙe wata uku. Lahadin Jibi na gaba na sha.

Ba ni kaɗai ba. Malamin makarantar da giya ta kama, ita ta riƙa tare shi a hanya har kunya ta hana shi. Direban da ke dukan matarsa, ta je ta tsaya masa a ƙofa da dutsen guga a hannu ta tambaye shi lafiyar iyali. Ita kanta matar magatakardan, da ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yan da ake taƙama da su duk sun yi nisa, Barkono ce ta yi wata bakwai tana kwashe mata kashi. Sun yafe wa juna, a kunnena. Na kai wa dattawa labari, suka ce abin da aka ɓata a fili, a fili ake gyara shi. Na dawo na ce, "Yaya, ki tashi mana, kalma biyu ce." Ta ce ba za ta zama abin kallo ba. Girman kai ne, na kuma faɗa mata, ta kore ni da tsintsiya.

Bara ƙafafunta suka kumbura, ta kwanta. Ta kira ni ta ce, "Guntuwa, je ki ce musu na sauko. Ina son kofin nan kafin in tafi."

Faston yanzu shi ne na biyar tun marin. Bai ma san tana horo ba, ya zaci iskar bakin ƙofa take so. Ya ce sai dattawa sun zauna. Dattawa suka nemi takardar hukuncin, gara ta cinye ta. Wani ya ce duk da haka sai ta tsaya gaban jama'a.

Na ce, "Baba, macen da ko fitsari a kwance take yi?"

"Mama, coci da tsari take tafiya. Za mu duba a zama na gaba."

Zama na gaba shugabansu ya yi tafiya.

Ranar Jibi na karɓi kofina, na rufe da tafin hannu, na sa a ƙarƙashin mayafi na fice. Ina tafe kamar mai ɗauke da ƙwai, duk da haka rabi ya zube a zanena. Na same ta ta jingina da bango, numfashi sama sama.

"Su suka aiko?"

Na so in yi ƙarya. Na ce, "Ni na kawo."

Ta harare ni. "Sata kika yi a teburin Ubangiji?"

"Nawa ne. Na ba ki."

Ta karɓa, ta ɗaga shi wajen hasken taga. "Wace ƙazama ce ta wanke wannan? Dubi bakinsa." Sannan ta rufe ido ta ce, "Yesu, na mare ta, na kuma yi taurin kai. Ka riga ka sani." Ta shanye ɗan abin da ya rage.

Ran Alhamis ta cika. Wurin jana'iza fasto ya yi wa'azi mai daɗi kan yadda Allah ke ɗebo ruwa da fasasshen tulu. Dattawa na gaba suna gyaɗa kai suna amin. Ni dai na tsura wa takalmansu ido.

Ashe matar wani dattijo ta gan ni ina fita da kofi. Zaman da ya gagara wata biyu saboda Barkono, saboda ni kwana huɗu aka yi shi. Suka ce sai na tashi gaban jama'a na ce na tuba. Na ce su jira.

Yanzu ni ce a bencin, inda zamanta ya goge katako har yana sheƙi. Kofuna kuwa na roba suka sayo, a sha a yar, babu mai duba wanda ya dawo cike. Lahadin da ta wuce na ga kan matar tela bai ɗaga ba. Gidanta can kan tudu yake, gwiwoyina sun ƙare, amma na sa mataji a jaka.