Ranar da Gonakin Yargoje Suka Yi Shiru

Abdulgafar ɗan Malam Rabo ne na Yargoje, shi kaɗai a gidansu ya zarce sakandare. Ya karanto kwamfuta a Katsina, ya dawo Kankara ya kama ɗaki kusa da kasuwa, yana gyaran waya kafin Allah ya kawo aiki.

Aikin ya zo daga wata ƙungiyar taimaka wa manoma. Sun kafa ƙananan na'urori ɗari da ashirin a gonakin Kankara da Faskari da Sabuwa, kowace da ɗan faifan sola a kanta, tana auna laimar ƙasa da ruwan da ya sauka. Abin da suka rasa shi ne mai haɗa musu wurin da saƙonnin za su riƙa kwarara ba tsayawa. Abdulgafar ya ce zai iya.

Sati uku ya yi a kai. Ya kama hayar manyan kwamfutoci uku ta intanet, a abin da masu sana'ar ke kira gajimare, ya killace su yadda bare ba zai leƙa ba, ya tsara su ta yadda in ɗaya ta faɗi biyu za su ci gaba. Ranar da saƙon farko ya shigo daga wata gonar dawa a Sheme, sai da ya yi sujada. Ya hau babur ya je ya nuna wa mahaifinsa a waya.

"Yanzu ƙarfen ga ne zai gaya mani ƙasa ta jiƙa?" in ji Malam Rabo yana dariya. Amma ya bari aka kafa ɗaya a gonarsa.

Damina ta biyu ya lura da wani abu. 'Yan bindiga in sun ratsa gona sukan ɓalle faifan sola don cajin wayoyinsu, na'urar sai ta mutu nan take. Ya fara kiran mutanen ƙauye duk inda ya ga haka. Sau biyu kiran nasa ya sa aka tsere da rai.

Wata Talata da hantsi, na'urar gonar Gide da ke bakin daji ta ɗauke. Bayan minti shida ta kusa da ita ta bi. Ta uku ma haka. Gonar mahaifinsa ce ta biyar a jerin. Nan take ya kira shi.

"Baba, kana gona? Don Allah ka baro wurin nan yanzu!"

"Mi ya faru?"

"Suna tahe, sun wuce gonar Gide."

"To, bari in ida kunyar ga."

"Baba, bar ta!"

Ya sake kira har sau goma sha ɗaya, ba a ɗauka ba. Mutum tara aka kora daji ran nan, har da Malam Rabo.

Ba a yi kwana goma ba aka rufe layin waya a yankin baki ɗaya. Allon kwamfutarsa ya zama wayam, kwamfutocin ukun na can suna jiran saƙon da ba mai aikowa. Shi kuma kullum sai ya yi tafiya mai nisa zuwa inda akwai sabis, ko masu garkuwar za su kira. Ba su kira ba.

Bayan wata biyu Ɗanliti, maƙwabcinsu da aka kama tare, ya kuɓuto da kumburarrun ƙafafu. Shi ya faɗa musu zazzaɓi ya kashe Malam Rabo tun sati na uku, su suka binne shi a gindin wata marke.

Da layi ya dawo, na'ura goma sha huɗu kawai suka amsa. Ƙungiyar ta rubuto masa cewa ta janye daga yankin, ya rufe komai. Ya zauna ya goge aikin da hannunsa, bai kai minti biyar ba.

Ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Larai, ya dawo da ita Kankara. Yana nan bakin kasuwa yana canza gilashin waya da batir. Gonar tasu shekara uku ke nan ba wanda ya sa mata fartanya.