Gwaggo Asabe da Injin Zartonta Alhaji

Duk wanda ya zauna da Gwaggo Asabe ya san ba ta karɓar abu da ido, sai da hannu. Ko me ka miƙo mata, za ta ɗora a tafin hannu ta jinjina, ta karkata kai kamar mai sauraron gulma, sannan ta yanke hukunci. In da nauyi ta ce, "To, wannan abu ne." In babu, ta turo maka kayanka: "Ɗauke min ƙaryarka." Kun tuna ranar sunan ɗana na fari? Aka miƙa mata jariri, mata sun yi tsit suna jiran addu'a, ita kuwa sai jinjina shi take yi. Can ta ce, "Rabi, wannan ai da sauransa. A mayar a ƙarasa." Wallahi a gaban dangin mijina! Har yau surukata ba ta manta ba.

Yayar Babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta, marigayi Malam Idi, sana'ar itace yake yi. Ya sayo guntayen gungume daga wuraren yankan katako na Sodiko, mota ta sauke a filin bayan gidansu nan unguwar New Bell a Duwala, ya yayyanka da injin zarto, masu gatari su faskare, masu tsire da masu gasa kifi su zo su kwasa. Injin nan kuwa ƙato ne, tsohon yayi, ƙarfe zalla. Gwaggo ce ta sa masa suna Alhaji, wai don da safe sai ya yi tari, sai an lallashe shi kafin ya tashi, in ya tashi kuma ba mai jin maganar kowa sai tasa.

Da Malam Idi ya rasu ta fita takaba, Baba ya tara maza uku na dangi suka je su yi mata nasiha. Ina wurin, ni na kawo musu ruwa. Baba ya gyara murya ya ce, "Yaya, mun yi shawara. A sayar da injin nan, a buɗe miki tebur a ƙofar gida, ki riƙa sayar da su magi da gishiri cikin mutunci."

Ta ce, "Magi?"

"Magi, Yaya. Da ɗan sabulu."

"To, na ji. Ga Alhaji can. Wanda ya tashe shi a cikinku, ya ɗauka ya kai kasuwa."

Kai, ku zo ku ga Baba! Ya naɗe hannun babbar riga, ya taka injin da ƙafa, ya fizgi igiya. Shiru. Ya sake fizga, hula ta yi tsalle ta faɗa cikin kwata. Sauran ma suka gwada ɗaya bayan ɗaya, har wani ya riƙe ƙugu yana salati. Gwaggo na zaune a kujerar tsuguno tana tsince shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Da suka gaji suka yi sallama, ta raka su har zaure tana cewa, "A gai da gida, a shafa man zafi." Tana dawowa ta kwance bakin zaninta, sai ga bujin injin, wato fulogi, a ƙulle kamar goro. Ta mayar da shi, ta ja igiya, Alhaji ya yi gurnani har kaji suka watse.

Na ce, "Gwaggo, wannan ai cuta ce!"

Ta ce, "Su da suka zo raba ni da abincina, gaisuwa suka kawo?"

Tun daga ranar ta shige takalman ruwa na mijinta, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta kama aiki. Unguwa ta yi surutu har ta gaji. Wani dattijo ya tare ta a hanya ya ce bai taɓa ganin mace da wannan aiki ba. Ta ce, "To yau ka gani, sai ka yi wa Allah godiya da Ya ja kwananka."

Shekaru suka tafi, Alhaji ya tsufa. Mai ya riƙa sha kamar raƙumi, hayaƙi kuwa har maƙwabta sun daina shanya a ranar da take yanka. In ta kashe shi, hannuwanta su daɗe suna rawa, ko kofin shayi ba ta iya riƙewa. Makanikenta na Nkololoun ya yi ƙira, ya yi faci, ya ɗaure da waya, har ranar da ya ɗaga hannu sama ya ce, "Mami, kayan wannan injin sun ƙare a duniya. Ko a ƙasar da aka ƙera shi, sai dai a gidan tarihi." Ta ce masa shi ne zai ƙare, ba Alhaji ba. Amma masu tsire sun fara zuwa suna komawa hannu wofi, wasu har sun koma wajen wani mai itace a Ndogpassi. Wannan kam ya taɓa ta. Wata Asabar da safe sai ga ta a ƙofata, ta ci ado kamar mai zuwa biki.

"Ke 'yar boko, ɗauko mayafinki. Za ki yi min Faransanci."

Muka hau bensikin biyu, baburan hayan nan, zuwa wani babban kantin injuna a Akwa. Mai kantin wani saurayi ne mai fara'a. Da ya ji abin da muke nema, ya dube ta sama da ƙasa, ya ɗauko wani ɗan ƙaramin inji mai kyau, irin na gyaran shuke-shuken gida. Gwaggo ta ɗaga shi da yatsu biyu.

"Tambaye shi, na yankan farce ne?"

Na ce da shi da Faransanci, "Mahaifiyata tana son wanda ya ɗan fi wannan girma."

Ta zungure ni. "Ba haka na ce ba. Maganata gajera ce, taki ta yi tsawo."

Da na bayyana masa irin gungumen da take yanka, sai ya daina murmushin nan, ya shigar da mu ciki ya ajiye manya guda biyu a kan tebur. Ɗaya tsohon samfuri ne da har yanzu ake kawowa, kamar ƙanen Alhaji, har launinsu ɗaya. Ɗayan sabon fitowa ne, sumul, jikinsa rabi roba. Ya ce ƙarfinsu kusan ɗaya, dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ma tsawonsu ɗaya. Tsohon yana da juriya, kuma kowane makanike a bakin titi zai iya kwance shi. Sabon kuwa bai kai shi nauyi ba, ba ya shan mai sosai, ba ya girgiza hannu, kuma yana da birki: in ƙarfen ya yi tutsu ya taso wa mutum, sarƙa za ta tsaya nan take. Sai dai in ya lalace, dole a dawo da shi kanti, don ba shi da 'yar ƙusar da ake murɗawa a daidaita mai da iska. Shi ke daidaita kansa.

Da na fassara wannan na ƙarshen, Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Shi ke daidaita kansa? To ni mece ce, 'yar rakiya? Ce masa a gidana mai hankali ɗaya ne, kuma ba inji ba ne."

Ta jinjina sabon, ta taɓe baki. "Ƙarya." Ta juya ga tsohon, fuskarta ta washe kamar ta ga ɗan'uwa. Ta kama shi da hannu biyu ta ɗaga zuwa ƙugu, yadda take riƙe Alhaji in za ta yanka. To a nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Kafaɗarta ta dama ta ƙi. Injin ya tsaya a rabin hanya, ta cije leɓe, ta mayar da shi kan tebur a hankali. Ashe ta daɗe tana ɓoye mana ciwon nan. Mai kantin ya kau da kai kamar yana neman wani abu a kan kantar kaya, Allah Ya saka masa. Ni ma na dubi ƙasa.

Ta gyara mayafi. Sannan ta nuna sabon da haɓa.

"A naɗe min wannan maƙaryacin."

Na ce, "Gwaggo, ba ke kika ce..."

"Saya zan yi in tona masa asiri! In na bar shi a nan wani bawan Allah zai cuta. Wata guda zan ba shi, in dawo musu da gawarsa."

Wata guda ya wuce, shekara ta wuce, maƙaryaci bai mutu ba. Yanka yake yi kamar ana yanka sabulu. Amma kada ku ce ta yarda! Ko suna ta ƙi sa masa, sai dai "wannan abin". Kullum da safe sai an fito da Alhaji an ɗora shi a kan benci, an kafa masa lema saboda ruwa, yana fuskantar wurin aiki. In ka tambaya ta ce, "Yaro ba ya aiki sai da babba a kansa." Akwai lokacin da ta ɗaura wa sabon guntun ƙarfen mota a hannu, wai ya san nauyin kansa. Kwana kaɗan ta kwance, ta ce ta yafe masa. Kafaɗa ce ta yi magana, mun sani, amma wa ya isa ya faɗa?

Sai ranar da mangwaron Mama Odil ya faɗi. Mama Odil kun san ta, maƙwabciyarta mai gasa kifi, wadda suka shekara da shekaru suna faɗa a kan kwata, suna kuma aika wa juna abincin salla da na kirsimeti. Ranar Lahadi ce da rana, ni da Baba mun je gaishe da Gwaggo, ana irin ruwan nan na Duwala da ba ya sanin ɗaukewa. Sai muka ji rugum! ƙasa ta girgiza. Muka fita a guje. Tsohon mangwaron ya tuge tun daga saiwa, ya danne ɗakin katakon Mama Odil, mijinta kuwa yana ciki, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Tana ta ihu tana jan reshe da hannu. Samari sun taru da adduna, amma me adda za ta yi wa wannan gindi?

Gwaggo ta fito da injunan biyu, an riƙo mata ɗaya. Alhaji ta fara kamawa, don girma nasa ne. Ta ja igiya, ta ja, ta ja. Ko tari bai yi ba. Muna jin nishin mijin Mama Odil daga ƙarƙashin kwano. Ta ajiye Alhaji a cikin taɓo, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗauki wannan abin. Fizga ɗaya ya kama.

"Ku ja baya! Kai mai jar riga, in ka gaji da ƙafarka matso!"

Ta shiga yanka, reshe bayan reshe, samari na janyewa. Ruwa na dukanta, garin katako ya manne mata a fuska. Da ta kai babban reshen da ya danne rufin, bakin ƙarfen ya ci karo da wani ƙarfen rufi da ba ta gani ba. Injin ya yi tsalle ya taso mata kai tsaye. Na rufe ido na yi salati. Da na buɗe, sarƙar ta tsaya cak, tazarar tafin hannu tsakaninta da goshinta. Birkin nan ne ya kama. Da Alhaji ne a hannunta, da wani labarin nake ba ku yau.

Ta dubi injin, ta saki birkin, ta ci gaba. Aka ɗaga kwano aka zaro tsohon da ransa, ya ƙuje a kafaɗa kawai. Mama Odil ta rungume Gwaggo tana kuka, Gwaggo na ture ta tana cewa, "Sake ni, kina warin kifi. Kuma maganar kwatar nan tana nan."

Da muka koma gida, Baba ya ga dama ta samu. Ya ce, "To Yaya, yau dai kin yarda. Birkin sabon injin nan ne ya cece ki."

Ta ce, "Wane birki? Tasowa ya yi zai yi min rashin kunya, ya ga fuskata, ya daskare."

Baba ya yi dariya har da hawaye. Amma da la'asar na leƙa bayan gida na same ta zaune, ta ɗora sabon a cinya tana goge masa taɓo da gefen mayafinta. Tana cewa ƙasa-ƙasa, "Sannu, Malam Ƙarami. Sannu da aiki." Ta ɗago ta gan ni, ta ce in na faɗa wa kowa sai ta yanke min kitso da shi. Yau na faɗa, Gwaggo, ki yi haƙuri.

Ba ta ajiye aiki ba sai da jiki ya ajiye ta. A ƙarshe yatsunta sun ƙi lanƙwasa, carbi ma sai an ja mata. Muka kai ta asibiti, likita ya duba ta ya ce in faɗa mata lokaci ya yi da za ta huta. Ta ce, "Ce masa ya kwantar da hankalinsa. Akwai hutun da ke tafe, za ku gan shi har ku gaji." Muka yi dariya, ita ma ta yi. Bayan sati biyu ya zo.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Asabe, Ya yafe mata kaifin harshe saboda taushin zuciya. Allah Ya karɓi gumin hannuwan nan da suka ciyar da gida, suka ciro maƙwabci daga ƙarƙashin itace. Hutun da ta ƙi yi a duniya, ya Allah, Ka ba ta shi cikakke, a inuwar da ba ta faɗuwa. Amin.