Layin Takalma a Ƙofar Irjans

An zage mu, kuma har yau ana zaginmu. Duk wanda ya taɓa zama a bencin irjans, sashen gaggawa na asibitinmu a nan Garwa ya koma gida da magana ɗaya: ma'aikatan nan ba su da imani, sai wanda suka sani suke shigarwa. Ni an kira ni marar tausayi da Hausa, an kira ni da Fulatanci, an kira ni da Faransanci tun ban iya Faransancin ba. Ban yafe ba, kuma ba zan ce na yafe don a yabe ni ba. Mutum zai yi wata yana tari a gida, ranar da ya ga dama ya hau moto, wato babur, ya zo ƙofar da aka buɗe don wanda jini ke zuba a jikinsa, sannan ya tsaya yana duba agogo yana ja mana tsaki.

Amma ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Ƙaramin asibitin unguwarsu, wanda muke kira santir, nas ɗaya aka bari a ciki. Shi ne mai awon ciki, shi ne mai rigakafi, shi ne mai ɗaure miki. Ranar da aka kira shi taro sai a rataye kwaɗo. To ina mutane za su nufa? Sai su kwararo mana, mai mura da mai karaya a benci ɗaya.

Ku da kuka shigo aiki kwanan nan, akwai ranar da ba ta taɓa fita daga kaina ba, ita zan ba ku. Da tsintsiya da bokiti na fara aiki a gidan nan. Sai da na yaye autana na shiga ajin manya, na zauna jarrabawa da sa'o'in 'yata, na fito mataimakiyar nas. Saboda haka abin da zan faɗa ba a littafi na fara ganinsa ba.

A wancan lokacin ga yadda ake layi. Barandar irjans rana take sha tun hantsi, don haka ba mai tsayawa. Kowa ya iso sai ya cire takalmi ƙafa ɗaya ya ajiye a bayan na wanda ya riga shi, ya koma inuwar darbejiya ko benci ya zauna. Takalman ke bin layi, masu su na kallo daga nesa. Ba wanda ya kafa wannan doka, amma ka taɓa takalmin wani ka ga tashin hankali.

Majo, ga wanda bai san aikinmu ba, ita ce shugabar nas-nas ta sashe. Likita ya zo ya tafi, majo ce ke riƙe da gidan. Tamu a lokacin Madam Odil ce, 'yar ƙabilar Tupuri, Kirista, doguwa, ba ta da yawan magana. Fulatanci a bakinta kamar a ruga aka haife ta. Hausa tana ji sarai, amma in maganar mai nauyi ce sai ta kira ni. Tana da wata al'ada da masu jira ke gani ɓata lokaci ce. Layi na da tsawo, ciki ya cika, sai ta ajiye abin da take yi ta fito ta bi benci tana gaisawa da mutane hannu da hannu, kuma daga ƙarshen benci take farawa. “Jam ɓandu na?” wato jiki lafiya? Kowa ya ce, “Jam.” Kun san mutanenmu, ko rai na fita lafiya lau za a ce maka. Ita ma ta sani. Ba amsar take saurare ba, hannun take saurare.

Ranar da nake faɗa muku washegarin Babbar Salla ce, cikin damina, zafi mai gumi. Santir-santir duk a rufe don hutu. Waɗanda nama ya ɓata wa ciki, waɗanda wuƙa ta yanka wajen fiɗa, 'yan moto da suka zube a kwalta, duk sun hallara. Layin takalma ya kai har bakin famfo.

A can ƙarshen benci akwai wani dattijo, Baba Ɗanjuma, tsohon mahauci daga unguwar bayan mayanka. Gefensa, da ɗan tazara, wata yarinya ce a lulluɓe da mayafi, kanta a sunkuye. Matar ɗansa ce, Rabi. Mijin ya tafi garin Colire sayen shanu, uwar mijin kuma ta rasu, shi ya sa tsohon ya ɗauko ta da kansa. Tun da safe na tambaye shi, ya ce, “Ciwon ciki ne, 'yata, naman Salla ne. Ku ji da masu jini tukuna.” Mutumin kirki ne har ya yi yawa. Silifas ɗin Rabi kore ne, ina ganinsa. Wata ta zo da jariri mai zazzaɓi, Baba ya tashi ya mayar da koren silifas baya. Wani tsoho ya zo yana nishi, ya sake mayar da shi baya. Ita kuwa ko motsi. Yarinyar Hausawa ba ta nishi a gaban surukinta, ko me ke cin ta.

Wajen azahar Majo ta fito gaisuwarta. Da ta kama hannun Rabi sai na ga ba ta sake shi ba. Ta ɗan durƙusa, ta ja fatar idonta ƙasa ta duba. Ta waiwayo ta ce mini da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa, in kawo gadon turawa, amma kada in yi gudu a gaban mutane. Sannan ta dubi tsohon.

“Baba, maganar mata ce.”

Ya miƙe zumbur kamar ya zauna a kan garwashi, ya tafi gindin darbejiya ya juya mana baya.

Na dawo da gado, na taɓa hannun ni ma. Sanyi ƙalau, a jiƙe, cikin wannan zafin. Majo ta ce, “Adda Kande, kada ki tambaye ta ciki. Tambaye ta yaushe rabonta da fashin salla.”

Ku ji fa, Kirista ce ta koya mini wannan tambayar. Ta san in aka ce wa amarya “kina da ciki?” za ta rufe fuska ta yi shiru har gobe, amma zancen salla ba wadda ba za ta amsa ba.

Na sa bakina a kunnenta. “Rabi, ƙanwata, ba namiji a nan. Yaushe rabonki da fashin salla?”

Da ƙyar na ji ta. “Tun ƙarshen azumi.”

“Kin faɗa wa wani?”

“Wa zan faɗa wa, Adda? Na fari ne.”

Majo ta taɓa kafaɗarta. “Nan ma yana ciwo?” Ta gyaɗa kai.

Ga ma'anarsa ga wanda bai sani ba. Wani lokaci ciki ba ya zama a mahaifa, sai ya maƙale a 'yar siririyar hanyar da ke kaiwa can. Yana girma hanyar ta fashe, jini ya riƙa zuba a cikin mace, ba ko ɗigo a waje. Tana zaune a benci da mayafinta tsaf, tana ƙarewa.

Mun ɗora ta mun turo gado, sai ga mutum ya tare ƙofa. Wani Alhaji ne mai shagon atamfa a babbar kasuwa, ciwon kai ya kawo shi, kuma gaskiya takalminsa ne a gaba.

“Wallahi ba ku isa ba! Tun da na idar da asuba nake nan. Ita 'yar wace ce? Ko 'yar'uwarki ce?”

Na ce, “Alhaji, ɗauke ƙafarka ko in bi ta kanta. Ciwon kan da ya bar ka kana wannan ihun zai bar ka har la'asar.”

Benci ya ɗauki hayaniya, wasu na bayansa, wasu na dariya. Majo ta dafa hannuna. Ba ta ɗaga murya ba.

“Alaji, ka yi gaskiya, kai ne na farko. Ara mini wurinka. Ni da kaina zan dawo maka da shi.”

Ya dube ta, ya dubi ƙafar yarinyar da ta leƙo daga mayafi, fara fat kamar an shafa toka. Ya matsa.

Daga nan sai gudu. Likitan da ke aiki ranar, wani matashi ɗan Maruwa, ya ɗora na'ura a cikinta, ya ga jini ya taru, ya aika a kira mai tiyata daga gida. Majo ta sa mata ruwa a hannu biyu kafin jijiyoyin su ɓace. Saura jini. Ƙa'idar ita ce ma'ajiyar jini ta ba ka abin da take da shi, dangi su zo su mayar, ranar kuwa 'yan moto sun kusa ƙarar da ita. Majo ta fita gindin darbejiya, ina biye da ita.

“Baba, 'yarka na son jini. Kana da mutane?”

Bai tambayi komai ba. Ya ce, “Ina da mayanka guda.” Ya ciro waya.

Ban gama wanke hannu ba sai ƙarar babura a ƙofa. Mahauta ne, biyu-biyu, uku-uku a kan moto, wasu da wuƙa a ƙugu, riga duk jinin layyar mutane. Mai gadi ya ɗauka faɗa ne ya nemi rufe ƙofa. Na ce su ajiye wuƙaƙe a wurinsa su biyo ni. A cikinsu akwai wani ƙato, Sale, wanda aka ce shi kaɗai yake kayar da bijimi. Yana ganin allura ya ce, “Adda, duk wannan za ta shiga?” Kafin in amsa ya sulale ƙasa.

Na ce, “Ku ɗaga masa ƙafa. Jiya ragunan gari na kuka da shi, yau sun rama.”

'Yan'uwansa suka yi ta dariya, suna yi masa fifita da hula. Da ya farfaɗo kunya ta sa ya miƙa hannu ya kau da kai, aka ɗiba. Na tabbata har yau ana yi masa tsiya a mayanka.

Bayan la'asar mai tiyata ya fito ya ce ta tsira. Cikin ya tafi, hanya ɗaya ta tafi, amma ɗayar lafiyarta lau, za ta iya haihuwa. Baba Ɗanjuma ya tambayi Majo me ya same ta. Ta ce, “In mijinta ya dawo, likita zai yi masa bayani.” Tsohon ya sunkuyar da kai, ya gane. Can ya ce, “Ni na yi ta mayar da takalminta baya.”

Majo ta ce, “Kai ka kawo ta, Baba. Akwai waɗanda ba a kawo su.”

Ni na manta da Alhajin atamfa sarai. Ita ba ta manta ba. Ta fita da rigar da gumi ya jiƙa, ta ɗauki takalminsa daga rana ta kai masa har benci, ta shigo da shi da kanta. Ta auna shi, jininsa ya hau sosai. Bayan likita ya ba shi magani ta ce ya riƙa zuwa santir ɗin unguwarsu ana auna shi, kada ya jira sai kai ya sara. Ya ce, “Madam, can fa mutum ɗaya ne, ga mata cike.” Ta ce, “In irinku masu babbar riga kuka riƙa zama a bencin can, za a ji kunyar barinsa da mutum ɗaya.” Da zai fita ya tsaya a kaina ya ce, “Ke kuma bakinki ya fi allurarku zafi.” Na ce na gode.

Kafin in tashi aiki na leƙa Rabi. Ta farfaɗo, leɓenta a bushe. A nan ta faɗa mini cewa tun kafin Salla ta je santir da ciwon mara. Ta tarar da nas namiji, ga matan unguwarsu a jere suna jin duk abin da ake faɗa, ɗakin ko labule babu. Ta juya, ta sayi ƙwayoyi a wurin mai tebur ta koma gida. Da ta sami mace ɗaya da ƙofa mai rufuwa a ranar, da an gano abin tun bai fashe ba.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. A irjans ba a bin wanda ya riga zuwa, ana bin wanda zai riga mutuwa, kuma a ƙasar nan sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa shiru. Mai ihu yana da sauran ƙarfi. Mutanenmu an rene su da kunya da haƙuri, ba za su sauke su a ƙofar asibiti don mun sa farar riga ba. Madam Odil ba ta taɓa cewa su canja ba. Ta koyi hanyar da za ta bi ta same su a inda suke, ba ta kunyata tsoho ba, ba ta kunyata amarya ba, ko mai zaginmu ba ta kunyata ba. Na yi aiki da masu ilimi da yawa, ban ga wanda ya kai ta iya tambaya ba.

Washegari na riga masu shara isowa. Na sami Majo tana canja takalmi, na faɗa mata abin da nake so in yi. Ta dube ni ta ce, “Za su zage ki.” Na ce ai sun saba, ni ma na saba. Na ɗauki babban daron wanki na fita baranda. Layi ya riga ya fara, na bi shi ina tsince takalman ɗaya bayan ɗaya ina zubawa a daro, na kai na dire a gaban benci, na ce kowa ya ɗauki nasa ya sa a ƙafa. Wata tsohuwa a can ƙarshe, wadda ko kai ba ta ɗaga ba tun da na fito, ta ce, “'Yar nan, kin ɓata mini layi.”

Na durƙusa a gabanta. Na ce, “Inna, ba takalminki ne ba shi da lafiya ba. Miƙo hannunki.”